Wayar Tangaraho: Yadda Saƙo Ya Rabu da Manzo

1.0 Gabatarwa

Bahaushen yau in yana son magana da ɗan'uwansa da ke nesa, sai ya ce zai "buga waya", alhali kuwa abin da ke hannunsa ba ya haɗe da wata waya, kuma ba bugunsa yake yi ba. In zai aika wasiƙa, "gidan waya" yake nufa. Waɗannan kalmomi burbushi ne na wata na'ura da ta yi zamaninta ta shuɗe, wato wayar tangaraho, wadda ake aika rubutaccen saƙo da ita ta hanyar lantarki. Kalmar "waya" aro ce daga Ingilishi, ma'anarta zaren ƙarfe. Ita ma "tangaraho" ta Ingilishi ta biyo, amma tushenta Girkanci ne, ma'ana rubutu daga nesa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan na'ura tun daga ƙirƙirarta har isowarta ƙasar Hausa, ta kuma nuna cewa saurin da ta kawo bai zama na kowa da kowa ba, na mai wayar ne.

2.0 Kafin Zuwan Waya

Tun fil'azal, labari ba ya wuce saurin wanda ya ɗauko shi. A Daular Sakkwato, wasiƙar Sarkin Musulmi ko ta Waziri takan fita da hatimi a hannun manzo, shi kuwa manzo sai ya yi kwanaki bisa doki kafin ya kai Kano ko Bauci. Labarin ƙasashe masu nisa kuwa a bakin fatake da alhazai yake zuwa, bayan watanni ko shekaru. Baturen nan matafiyi, Clapperton, ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1827, amma sai da aka yi kimanin shekara guda kafin baransa Richard Lander ya isa Ingila da takardunsa.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Ranar 24 ga Disamba 1814 Ingila da Amurka suka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a birnin Ghent na Turai. Ranar 8 ga Janairu 1815 sojojinsu suka gwabza a New Orleans, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka, domin labarin sulhun yana cikin jirgin ruwa bai ƙetare teku ba tukuna. Faransawa sun yi ƙoƙarin magance wannan jinkiri tun 1794, da suka jera hasumiyoyi daga Faris zuwa Lille, kowace da sanduna a kanta da ake motsawa don ta gaba ta hango ta kwaikwaya. Dabara ce mai kyau, sai dai duhu da hazo suna tsayar da ita cik.

3.0 Ƙirƙirar Wayar

Abubuwa biyu suka share fage. A 1800 Volta, mutumin Italiya, ya ƙera batir na farko. A 1820 Oersted, mutumin Denmak, ya lura cewa in lantarki ya bi ta cikin waya, allurar maganaɗisu da ke kusa takan karkace. Ashe ke nan mutum zai iya taɓa wannan bakin waya, wani abu ya motsa a wancan bakin nan take, komai nisa.

A Ingila, William Cooke da Charles Wheatstone suka yi rajistar na'urarsu a 1837, mai allurai da ke nuna haruffa, kuma kamfanonin jirgin ƙasa ne suka fara amfani da ita. Jama'a ba su san darajarta ba sai a 1845, lokacin da wani mai suna John Tawell ya yi kisan kai a garin Slough, ya hau jirgi zuwa Landan. Aka buga kamanninsa ta waya, saƙon ya riga jirgin isa, aka bi shi aka kama shi.

Amma tsarin da ya mamaye duniya shi ne na Samuel Morse, Ba'amurke, wanda asalin sana'arsa zane ce, tare da abokin aikinsa Alfred Vail. A 1843 majalisar Amurka ta ba shi dala 30,000, kuma ranar 24 ga Mayu 1844 ya aika saƙo daga Washinton zuwa Baltimo, tazarar mil 40 ko kusa da haka. Sirrin tsarin shi ne sauƙinsa. Mai aikawa yana da ɗan makunni da yake dannawa da yatsa. In ya danna, lantarki ya wuce, maganaɗisu a ɗaya ɓangaren ya fizgi wani ɗan ƙarfe ya yi ƙara. Kowane harafi yana da nasa jerin bugu, gajere da dogo, kuma haruffan da suka fi yawa a Ingilishi su aka ba mafi gajerun alamomi: harafin E bugu ɗaya ne tak. Da farko na'urar kan zana alamomin a kan takarda, amma ba a daɗe ba ma'aikata suka ƙware wajen karanta saƙo da kunne kawai. A ganina, daga wannan ƙwanƙwasa ne Bahaushe ya samo "buga waya".

4.0 Ƙetare Teku

Shimfiɗa waya a kan tudu aikin turaku ne da leburori. Cikin ruwa kuwa dole a naɗe ta da abin da zai hana lantarki tsiyayewa. Maganin ya fito ne daga ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malaya, wanda ba ya ruɓewa a ruwan gishiri. Da shi aka haɗa Ingila da Faransa a 1851, bayan yunƙurin 1850 ya lalace.

Babban aikin shi ne Tekun Atlantika, wanda wani attajirin Amurka, Cyrus Field, ya ɗaura wa ɗamara. A 1857 wayar ta tsinke a tsakiyar aiki. A watan Agusta 1858 aka yi nasarar haɗa gaɓa da gaɓa, aka yi ta shagali, Sarauniya Biktoriya ta aika wa Shugaba Buchanan gaisuwa mai kalma 98, wadda ta ɗauki kimanin awa 16 kafin ta gama wucewa. Don a ƙara sauri, injiniyan kamfanin, Wildman Whitehouse, ya tura wa wayar lantarki mai ƙarfin gaske, ita kuwa dama ba ta da ƙwari, cikin mako uku ta mutu. Garaje ba ƙarfi ba ne. Shawarar masanin nan William Thomson ita ce daidai: a ƙera waya mai kauri, a tura lantarki kaɗan, a karɓe shi da na'ura mai saurin ji.

Darajar abin da aka rasa ta fito fili a Afrilu 1865, da aka kashe Shugaba Lincoln, labarin ya yi fiye da kwana goma bai kai Landan ba. A shekarar aka sake gwadawa da Great Eastern, jirgin ruwa mafi girma a zamanin, wayar ta sake tsinkewa. Sai a watan Yuli 1866 aka kammala, daga tsibirin Valentia na Ailan zuwa Heart's Content a Newfoundland, har ma aka lalubo wadda ta tsinke a bara aka ƙarasa ta. Tafiyar kwanaki ta koma ta mintoci. Amma fa da farko mafi arhar saƙo fam 20 ne, kuɗin da lebura zai yi watanni bai tara ba. Gwamnatoci da manyan 'yan kasuwa da kamfanonin dillancin labarai irin na Reuter, su ne suka ci moriyarta.

5.0 Waya da Mulkin Mallaka

A 1865 ƙasashe 20 suka hallara a Faris suka kafa ƙungiyar daidaita harkar tangaraho ta duniya. Duk da haka, yawancin wayoyin ƙarƙashin teku a hannun kamfanonin Ingila suke, musamman na John Pender. A 1870 aka haɗa Landan da Bombay, a 1886 kuma waya ta iso Ikko, bayan ta yada zango a Saliyo da Ankara. Tun daga nan Landan ta sami damar ba gwamnoninta umarni ta ji amsa ba tare da jiran jirgi ba.

Wayar da ta shigo Arewa ba don ciniki ko zumunci aka fara kafa ta ba, don soja ne. A ƙarshen shekarun 1890 aka ja ta daga Ikko zuwa bakin Kwara, saboda rundunar da Lugga ya kafa. Bayan ya shelanta mulkin Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, ya koma Zungeru a 1902, aka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai turakun waya suka bi sawun sojoji zuwa manyan garuruwan larduna. Turawan mulki ba su da yawa, ƙasar kuwa faɗi gare ta, don haka ƙarfinsu ya dogara ne ga iya tara 'yan sojojinsu wuri guda da gaggawa.

Abin da ya faru a Satiru ya isa misali. A tsakiyar Fabrairu 1906 mutanen wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato suka fatattaki sojojin doki na Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. A lokacin an tura yawancin rundunar ƙasar Tibi, can bakin Binuwai. Labarin ya iske Lugga a Zungeru ta waya, aka tattaro dakaru, ranar 10 ga Maris aka rushe Satiru, aka yi kisa mai muni. Mutanen Satiru da magoya bayansu da manzanni suke aika saƙo, abokan gabarsu kuwa da lantarki.

Haka abin yake a kasuwa. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa kan ji farashin Libaful ta waya, manomin da ya kawo gyaɗarsa bisa jaki kuwa sai abin da aka faɗa masa a bakin sikeli.

6.0 Sawunta a Harshe

Sannu a hankali talakawa ma suka shiga amfani da waya, amma da sharuɗɗanta. Wayar da aka kafa a nan da haruffan boko take aiki, saboda haka malamin da ya ƙware a ajami sai ya nemi ɗan boko ya rubuta masa. Alamomin Morse kuma ba su tanadi ɓ da ɗ da ƙ ba, don haka "ƙafa" da "kafa", ko "ɓari" da "bari", duk ɗaya suke a waya, mai karatu ne zai raba su da hankalinsa. Daɗin daɗawa, kowace kalma kuɗi ce. Bahaushen da wasiƙarsa ke farawa da gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali, dole ya zubar da wannan duka ya faɗi buƙatarsa cikin 'yan kalmomi. Tun da kuwa ba a kashe kuɗin waya sai da babban dalili, ganin masinjan gidan waya a ƙofar gida yakan sa gaba ya faɗi.

Kalmar kanta ta yi ta yaɗo. Da tarho ya zo, wanda Bell ya yi wa rajista a 1876, aka ce masa wayar tarho, wasu ma har yau "wayar tangaraho" suke ce wa tarhon girke. Da Marconi ya ƙetarar da alama Atlantika ba tare da waya ba a 1901, irin wannan na'ura ta iso mana, aka raɗa mata "wayar iska", suna mai ban sha'awa, domin waya ce da babu waya. Daga nan aka sami wayar hannu.

7.0 Kammalawa

Tarho da rediyo da intanet sun ture tangaraho. Kamfanin Western Union na Amurka ya daina karɓar irin wannan saƙo a 2006, Indiya ta rufe nata a 2013. Amma hanyar da ta share tana nan. Yawancin saƙonnin intanet da ke tsakanin nahiyoyi ta wayoyin ƙarƙashin teku suke bi, waɗanda yanzu zaren gilas ne a cikinsu, kuma na Nijeriya da yawansu a Ikko suke fitowa tudu, inda ta 1886 ta fito. Don haka tambayar da ta dace da zamanin Lugga ba ta tsufa ba: wa ya mallaki wayar, nawa ake biya, kuma da wane harshe da waɗanne haruffa ake magana a cikinta? Ya kamata manazarta Hausa su duba tsofaffin saƙonnin waya da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, su kuma tattauna da tsofaffin ma'aikatan gidan waya da suka rage, tun suna raye.