Aljanun Loudun: Fim Da Tarihinsa

A wannan makon na ɗan ajiye labarinmu, domin wani tsohon fim da na kalla ya hana ni sakat. Sunansa The Devils, wanda Ken Russell ya shirya a 1971, Oliver Reed da Vanessa Redgrave suka fito a ciki. Ba zan ce ku neme shi ba, akwai tsiraici da ɓatsa da yawa, har kamfanin Warner ya yanke wasu wurare. Da farko na ɗauka ƙirƙira ce, ashe abin ya faru.

A garin Loudun na ƙasar Faransa an yi wani limamin Katolika mai suna Urbain Grandier, mai ilimi da iya magana, amma fa manemin mata ne, ga girman kai. Ya tara maƙiya. Mafi hatsari a cikinsu shi ne Kadinal Richelieu, babban wazirin Sarki Louis na 13, wanda ya ba da umarnin rushe ganuwar garin, Grandier kuma yana cikin masu adawa da hakan.

A 1632, bayan annoba ta yi wa garin ɓarna, sai wasu sistoci masu zaman ibada suka fara faɗuwa suna ihu da zage-zage, wai aljanu sun shige su. Shugabarsu Jeanne des Anges ta ce Grandier ne ya turo su, alhali ma ya taɓa ƙin karɓar aikin limancin gidan nasu. Aka mayar da cire aljanu abin kallo a cikin coci, jama'a na tururuwa daga nesa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kotu ta karɓi maganar aljani a matsayin shaida, bisa hujjar wai idan malami ya matsa masa dole ya faɗi gaskiya. Har takardar yarjejeniya aka kawo, wai da sa hannun shaiɗanu a kai!

Laubardemont, wakilin Richelieu, shi ya jagoranci shari'ar. Aka farfasa ƙafafun Grandier don ya amsa laifi, ya ƙi. Ranar 18 ga Agusta 1634 aka ƙona shi da ransa a dandalin garin.

To, da shi ne mayen, ai da aljanun sun tafi. Ina! Aka ci gaba da cire su har 1637. A 1638 Jeanne ta zaga Faransa tana nuna hannunta mai ɗauke da sunaye masu tsarki, wai alamar warkewa, ta gana da Richelieu da kansa, har da sarauniya.