Daga Agana Zuwa Korona: Wanda Ya Warke Yana Bukatar Allura?

Wani mai sauraronmu manomin albasa daga Kwalkwalawa, can bakin gulbi kusa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya aiko yana cewa korona ta kama shi ya warke, to allurar mece ce kuma? Ai wanda agana ta kama, in ji shi, ba ta sāke kama shi.

To malam, a kan agana ka yi gaskiya. Sai dai ka tambayi tsofaffin garinku kuɗin da ake biya. A cikin mutum goma da ta kwantar, wajen uku ba su tashi, waɗanda suka tashi kuwa ga zanzana a fuska, wasu har da makanta. Shi ya sa tun kafin zuwan Bature mutanen Afirka ta Yamma suke da dabararsu: a tsaga fatar mai lafiya, a shafa masa ruwan ƙurjin majiyyaci, ya yi ɗan ciwo ya warke. Wani bawa ɗan Afirka mai suna Onesimus ne ma ya bayyana wa ubangidansa dabarar a Boston ta Amurka, aka yi aiki da ita a annobar 1721. Amma fa tana kashe ɗaya ko biyu cikin ɗari, kuma wanda aka tsaga yana iya harbin 'yan gidansu.

A 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya gwada ƙurjin shanu, wanda ke kare mutum ba tare da ya ɗanɗani agana ba. Asalin lamba ke nan, wadda ka ga tabonta a damtsen dattawa. Gangamin lamba na 1967 ya sa agana ta ƙare a Nijeriya a 1970, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama da ita.

Korona kuwa ba halinsu ɗaya ba. Agana ba ta sauya kama, ita ko wannan kamar ɓarawon kasuwa ce mai sāke riga. Ta shigo Legas a Fabrairun 2020, allura ta iso a Maris 2021, kafin shekarar ta fita sai ga samfurin Omikron, ya kama waɗanda suka taɓa warkewa, ya kama masu allura. Kada mu ɓoye maka wannan.

Warkewarka ta ba ka kariya, ba mu musa ba, amma tana raguwa da watanni, haka ma ta allura. Abin da likitoci suka gano shi ne, wanda ya haɗa biyun ya fi tsira daga ciwo mai tsanani. In ka manyanta, ko kana da ciwon sukari ko hawan jini, ka leƙa asibiti ka gaya masu watan da ka kwanta, su ba ka shawara.