Daga Kanjogera zuwa Majalisar Kigali



Da an ambaci matan Ruwanda, majalisa ce ke zuwa mana a rai. A zaɓen 2008 ta zama ƙasa ta farko a duniya da mata suka fi maza yawa a majalisar wakilai, a 2013 kuma suka kai kujeru 51 cikin 80. Sai mu ɗauka jiya-jiya aka soma, alhali abin yana da tushe.

A zamanin sarauta, sarki, wato mwami, ba ya mulki shi kaɗai. Tare ake naɗa shi da uwar sarki, umugabekazi, mai dukiyarta da mutanenta. In mahaifiyarsa ta rasu, sai a naɗa masa wata. Wanda ya san matsayin Inna a Gobir ba zai sha mamaki ba. Ruwayar baka ma ta ce wata uwar sarki, Nyirarumaga, ita ta tsara waƙoƙin fada da ake kira ibisigo, masu adana tarihin sarakuna. Ashe abokiyar sana'armu ce.

Amma wadda ta fi ɗaukar hankalinmu ita ce Kanjogera. Sarki Rwabugiri ya zaɓi ɗansa Rutarindwa ya gaje shi, kuma da yake uwar yaron ta rasu, sai ya naɗa masa matarsa Kanjogera a matsayin uwar sarki. Ita kuwa tana da nata ɗan, Musinga. An ba kura ajiyar nama ke nan. Rwabugiri ya rasu a 1895. Ƙarshen 1896, a Rucunshu, ita da ɗan'uwanta Kabare suka afka wa sabon sarki, ya mutu tare da iyalinsa, aka ɗora Musinga yana yaro. Gangar sarauta tasa ce, amma umarni daga bakin uwarsa yake fitowa. Haka ta ga zuwan Jamusawa da tafiyarsu, har Turawan Beljiyam suka tuɓe Musinga a 1931, suka kore su tare zuwa Kamembe.

Mu da muka saba rubuta mace mai mulki ko dai waliyyiya ko muguwar kishiya, ina za mu ajiye wannan? Hazaƙa gare ta, ga kuma jini a hannu.

Shekarar 1994 ta sake jefo mana tambayar. Agathe Uwilingiyimana da Pauline Nyiramasuhuko duk 'yan yankin Butare ne, duk sun zama ministoci a 1992. Agathe, malamar kimiyya, ta riƙe ma'aikatar ilimi, ta soke rabon guraben makaranta bisa ƙabila, ta zama firaminista a 1993. Sojoji suka kashe ta ranar 7 ga Afrilu, farkon kisan ƙare-dangin da aka yi wa Tutsi. Pauline kuwa, ministar iyali da mata, kotun duniya da ke Arusha ta same ta a 2011 da laifin hannu a kisan, har da ingiza yi wa mata fyaɗe.

Bayan ƙura ta lafa, maza da yawa sun mutu, wasu na kurkuku, wasu sun tsere. Mata suka riƙe gida da gona, amma ba su da haƙƙin gadon ƙasar da suke nomawa, sai da dokar 1999 ta ba su. Kundin tsarin mulki na 2003 ya tanadar musu aƙalla kashi 30 cikin 100 na muƙaman yanke shawara, da kujeru 24 a majalisa.

Sai dai yawan kujera daban, iko daban. Victoire Ingabire ta koma gida a 2010 don ta ƙalubalanci Paul Kagame, ta yi shekara takwas a tsare. Diane Rwigara ta nemi takara a 2017, aka hana ta, aka kama ta, sai ƙarshen 2018 kotu ta wanke ta.