Farin Ruwa da Baƙin Ruwa: Yadda Madatsar Kainji Ta Sauya Kalandar Masunta

A watan Agusta na shekarar 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka rufe ƙofofin sabuwar madatsar ruwa da aka gina a Kainji, kogin Kwara ya fara taruwa a bayanta. Cikin 'yan watanni ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa, da babban tsibirin Foge, da duwatsun tsakiyar kogi inda Baturen nan mai yawon bincike, Mungo Park, ya gamu da ajalinsa a 1806. A gurbinsu aka sami tafki mai tsawon kusan kilomita 135 daga bangon madatsar zuwa Yawuri, wanda faɗinsa ya kai kilomita 24 a inda ya fi buɗewa. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga ƙauyuka da tungaye sama da 200.

An saba ba da labarin Kainji a matsayin labarin wutar lantarki. Sai dai ga mutanen bakin kogi, abin da ya fi taɓa rayuwarsu shi ne an sauya lokacin zuwan ruwa da lokacin tafiyarsa. A kan wannan lokaci aka gina su, da noman fadama, da tuƙin jirgi a ƙasashen Yawuri da Borgu da Nufe tun kaka da kakanni.

Kogi mai cika sau biyu

Kwara ya bambanta da yawancin kogunan ƙasar Hausa domin a wannan yanki sau biyu yake kawo ruwa a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, wanda ke zuwa daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Ruwan daminar kusa ne, wanda gulbin Sakkwato da na Rima da sauran rafuka ke zubarwa, ɗauke da laka da ke sa shi ya yi fari kamar kunu. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wanda ke isowa a cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da aka yi watanni ba a ga ko ɗigon ruwan sama ba.

Asalin baƙin ruwa yana can tsaunukan ƙasar Gini, inda kogin ya faro tafiyarsa ta kusan kilomita 4,200. Ruwan da ya sauka a can da damina yana gangarowa zuwa tsakiyar ƙasar Mali, ya bazu a makekiyar fadamar da ke tsakanin Mopti da Tambutu. A nan yake yin zango na watanni, ya zubar da lakarsa, rana ta shanye wani kaso mai yawa, saura ya biyo ta Gao da Yamai da Gaya ya shigo Nijeriya a tace. Tsabtarsa ce ke sa a gan shi da duhu, shi ya sa aka ba shi wannan suna.

Kifi ma da wannan kalanda yake rayuwa. Idan farin ruwa ya malala cikin fadama, kifaye kan bi shi su shiga ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a wurin da ke da abinci da mafaka. Da ruwa ya fara janyewa sai su nemi komawa kogi, masunta kuma su tare su da gura da shinge a bakin mashigai, ko su bi tafkunan da suka yanke da homa. Lakar da ruwan ya bari ita ce takin shinkafa. Baƙin ruwa kuwa shi ke riƙe kogin da zurfi har cikin rani, jirage su sami hanya, masu lambu su sami abin ban ruwa.

Kowace al'umma ta san rabonta a wannan tsari. Sarkawa, waɗanda ake danganta asalinsu da Sorko na daular Songhai, su ne gwanayen babban ruwa, masu farautar dorina da kada da manyan kifaye irin su giwan ruwa da yauni. Gungawa, mazauna tsibirai, sun shahara da noman albasa na rani, suna ɗiban ruwan kogi da ƙwarya suna shayar da fangalai. Kambari da Lopawa da Shangawa suna haɗa noma da su na lokaci-lokaci. A bisa kowane yanki na ruwa akwai sarkin ruwa, wanda ke faɗin ranar da za a shiga da wurin da aka hana.

Shekarun yalwa

Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ce ta fara ginin a 1964, da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi aikin, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe shi a Fabrairun 1969. An tsara wa tashar injina 12, amma 8 aka girka, masu ƙarfin megawat 760. An gina wa mutanen da aka tayar sababbin matsugunai, babbansu New Bussa, da gidajen siminti masu rufin asbestos. Gungawa sun wayi gari a kan tudu, nesa da tsibiran da suka san ƙasarsu ciki da bai.

A shekarun farko tafkin ya cika alkawarin da aka yi wa masunta, har ya zarce. Kamun kifi ya hau zuwa tan 28,000 da ɗoriya a 1971. Faliya, wadda a da ba ta fi sauran kifaye yawa ba, ta cika komar kowa. Labari ya bazu, masunta suka yi ta kwararowa daga Kabi da Sakkwato da ƙasar Nufe, daga kudu, har daga Nijar da Mali, tungaye suka tsiro a duk gaɓar tafkin, fataken banda suna loda motoci daga Yawuri zuwa kasuwannin kudu.

Dalilin yalwar ba boyayye ba ne. Cikar tafkin ita kanta ambaliya ce, mafi girma da wannan kwari ya taɓa gani. Ruwa ya kwanta a kan gonaki da daji da makiyaya masu faɗin sama da murabba'in kilomita 1,200, ciyawa da ganyaye suka ruɓe, suka ciyar da ƙananan halittun da kifi ke ci. Abin da fadama ke yi kowace shekara a ɗan ƙaramin fili, sai ga shi ya faru a lokaci guda a fili mai faɗin gaske. Amma irin wannan ambaliya sau ɗaya take zuwa. Da takin ya ƙare, masunta kuma suka ninka, kamun ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da tan 5,000 a 1978. An ga irin wannan hawa da sauka a tafkin Volta na Gana da na Kariba a kan kogin Zambezi, waɗanda su ma madatsu ne suka haife su.

Abin da ya maye gurbin tsohuwar kalandar shi ne hawa da saukar tafkin kansa. Yakan cika da farin ruwa, baƙin ruwa ya riƙe shi a cike zuwa ƙarshen hunturu, daga nan ya yi ta ja da baya yayin da injina ke shan ruwa, har ya sauka da kimanin mita 10 kafin wata damina ta kankama. Filin da yake bari a gaɓa ya zama sabuwar fadama: manoma na shuka a kai, burgu na tsirowa, Fulani na kawo shanu, idan ruwa ya dawo kuma gargaza ta sami wurin hayayyafa. Wannan gaɓa mai lumfashi ita ce ke riƙe da arzikin kifin tafkin har yau, kuma yawan wutar da ake bukata shi ke yanke yadda za ta buɗe ko ta rufe.

Dala da warangi

A tsakiyar shekarun 1990 kamun ya sake haurawa sama da tan 30,000, amma da wani irin kifi dabam. Warangi, ɗan mitsitsin kifi mai yawo garke-garke a buɗaɗɗen ruwa, ya zama babban abin kasuwa, ana shanya shi a rana a cika buhuna. Da dala ake kama shi, wato doguwar koma mai ido ƙanana kamar gidan sauro, wadda ake zagaya ruwa da ita a jawo zuwa gaɓa. Matsalar ita ce dala ba ta zaɓe. Tare da warangi takan kwaso 'ya'yan gargaza da faliya da giwan ruwa tun ba su kai tsawon yatsa ba, a daidai wuraren da suke girma. Mai dala ɗaya yana cin rabon masu kalli da birgi da mamari da yawa, na bana da na baɗi.

Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin da aka fara a 1968, ta daɗe tana gargaɗi. Wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Jamus da aka fara a 1993 ya ƙidaya jirage da komaye, ya auna kamu, jihohin Neja da Kabi kuma suka kafa dokar hana dala tare da tsarin lasisi. Abin lura a nan shi ne dokar ba ta yi tasiri ba sai da aka bi ta hannun sarakunan Yawuri da Borgu da sarakunan ruwa na tungaye, wato ikon nan na gargajiya da tsarin madatsar ya yi biris da shi tun farko. Bayan shirin ya ƙare, sa ido ya yi rauni. A cikin wannan zamani ne kuma wata irin baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure ta gangaro daga sama ta mamaye sassan tafkin, tana toshe mashigai tana yaga komaye.

Jirgin kogi a kan tafki

Masu tsara madatsar sun yi tunanin sufuri. Sun gina wata mashiga a jikin bangon da za ta riƙa ɗaga manyan jiragen kaya daga kogi zuwa tafki, da fatan fatauci zai riƙa tafiya daga bakin teku har iyakar Nijar. Wannan ciniki bai tabbata ba. Sufurin da ya bunƙasa shi ne na talakawa: tafkin ya raba ƙauyukan da a da ɗan kwalekwale ke haɗa su cikin mintuna, hanyoyin mota a gaɓa kuma ba su da kyau, don haka jirgin katako mai inji ya zama motar kasuwa tsakanin Yawuri da Wara da Malale.

Amma kogi daban, tafki daban. Buɗaɗɗen ruwa mai faɗin kilomita da yawa yana ba iska filin tayar da igiyoyin da jirgin kogi mai shimfiɗaɗɗen gindi bai saba da su ba, musamman da guguwar farkon damina. Sannan ba a sare dukan itatuwan kwarin ba kafin a cika shi. Kututturansu suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa sama da shekara 50, kuma saukar tafkin na kawo su daf da saman ruwa, ta yadda hanyar da matuƙi ya bi lafiya a Janairu kan zama tarko a Mayu. A ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa kasuwar Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutane sama da 150 da kaya fiye da ƙima, ya dare ya nutse. Waɗanda aka ceto ba su fi 'yan ashirin ba.

Ƙasan bango

Mutanen da ke ƙasan madatsar sun yi asara iri biyu. A shekarun da ruwa ya zo daidai, tafkin kan riƙe farin ruwa domin ya cika, sai fadamun ƙasar Nufe su rasa malalar da ke kawo musu laka da kifi. Kamu da noman shinkafa a tsakanin Jebba da Lakwaja sun ragu ƙwarai tun shekarun farko. A shekarun ruwa mai yawa kuwa, tafkin ba shi da cikin da zai shanye ambaliyar, domin abin da ke ratsa shi a shekara ya ninka abin da yake iya riƙewa kusan sau huɗu. Idan ya cika a Satumba ruwa kuma bai daina zuwa ba, dole a buɗe ƙofofi don kare bangon. Ruwan da a da yake hawa sannu a hankali, manomi na ganinsa yana shiri, yanzu yakan iso cikin kwana ɗaya ko biyu.

Gina madatsar Jebba a 1985 da ta Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990 ya ƙara ɗaure lamarin, domin idan ukun suka saki ruwa a tare, a yankin Muregi da Patigi yake haɗuwa. Haka ta faru a 1999, ta sake faruwa a 2012, shekarar da ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru ya biyo Binuwai ya gamu da na Kwara a Lakwaja. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu da sama da miliyan biyu da suka bar gidajensu a faɗin ƙasar. A 2010 aka sa hannu a dokar kafa hukumar HYPPADEC domin kula da yankunan da ke samar da wutar ruwa, amma sai da aka shafe kusan shekara 10 kafin ta fara aiki.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Kifin Kainji, da haɗarin jiragensa, da ambaliyar ƙasan bangonsa duk suna komawa ga abu guda: yaushe ake riƙe ruwa, yaushe ake sakinsa, kuma wa ake sanarwa. Tun 2013 wani kamfani mai zaman kansa ke gudanar da tashoshin Kainji da Jebba bisa yarjejeniyar haya, kuma ma'auninsa megawat ne. Baƙin ruwan da ke cika tafkin a hunturu shi ma yana hannun wasu: Mali na da madatsun Markala da Selinge, Nijar kuma ta fara gina ta Kandaji a arewacin Yamai. Sarkin ruwan da a da yake duban launin kogi ya faɗa wa mutanensa ranar shiga su, yau yana jiran sanarwar da za ta fito daga ɗakin injina, idan ta iso tungarsa kafin ruwan.