Matsalar agogo a kwamfutar kwaikwayo

Matsalar agogo a kwamfutar kwaikwayo cikas ne da ke hana babbar manhaja, kamar Linux ko Windows, kammala tashi idan an kunna ta a cikin kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja irin su QEMU, VirtualBox ko VMware ke ƙirƙira a cikin wata kwamfuta ta zahiri. Abin da mai amfani ke gani shi ne allo ya tsaya cak, ko saƙon kuskure ya bayyana tun kafin a kai ga shafin shiga.

Asali

Kwamfutar IBM PC ta shekarar 1981 ta zo da ƙaramin agogo mai suna Intel 8253, wanda 8254 ya gada. Yana bugawa kusan sau 1,193,182 a daƙiƙa ɗaya, kuma yana aika wa furosesa sigina a kan kari. Daga baya aka ƙara wasu agogon: na APIC, da TSC wanda ya zo da Pentium a 1993, sai kuma HPET. Manyan manhajoji da aka rubuta a wancan zamani sun ɗauka cewa bugun agogo ba ya makara.

A kwamfutar kwaikwayo kuwa babu wannan tabbaci. Agogon manhaja ce ke kwaikwayonsa, furosesar baƙuwar kwamfutar kuma jiran layi take yi tare da sauran ayyukan uwar kwamfuta. Idan aiki ya yi yawa, sigina kan makara, ko ya ɓace, ko su taru su iso lokaci guda.

Yadda yake hana tashi

Yayin tashi, Linux na gwada ko siginar 8254 na isowa ta IO-APIC. Takan jira tsawon bugu goma, sannan ta duba ko fiye da huɗu sun iso. Idan uwar kwamfuta ta riƙe furosesar a daidai wannan ɗan lokaci, gwajin ya faɗi ke nan, duk da cewa babu abin da ya lalace. Linux takan gwada wasu hanyoyin haɗi, in duk suka ƙi sai ta tsaya da saƙon "IO-APIC + timer doesn't work!". Wannan ne ya sa matsalar ke da wuyar bincike: kwamfuta ɗaya ta tashi lafiya da safe, da rana ta ƙi.

Windows ma na da irin nata. Idan wata furosesa ba ta amsa siginar agogo a kan lokaci ba, sai shuɗin allo ya fito da lamba 0x101. Windows 95 kuma tana auna sauri da ƙidaya, wadda ke rikicewa a furosesa mai sauri sosai.

Magani

A Linux ana iya ƙara umarnin no_timer_check a layin tashi domin a tsallake gwajin. Gyara mai ɗorewa shi ne baƙuwar kwamfuta ta san cewa kwaikwayo ce, ta riƙa karɓar lokaci kai tsaye daga uwar kwamfuta. KVM ya shiga Linux 2.6.20 a 2007, agogonsa kvm-clock kuma ya biyo baya a 2.6.26 a 2008. Linux ta zamani na kashe gwajin da kanta idan ta gane tana kan KVM. Ga Windows, QEMU na da saitin hv-relaxed, wanda ke sa ta sassauta sa ido a kan makarar agogo.