Labarin Kogin Calawa da Inda Ruwansa Ke Tafiya

Ku 'yan makaranta, duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Kano, lalle ya ƙetare wani kogi gab da isa birni. To, shi ne Calawa. Da yawa daga cikinmu mun sha ruwansa, amma kaɗan ne suka san inda ya fito da inda ya nufa.

Mafarinsa daga yamma yake. Yana tafe yana karɓar ƙoramu, Watari na cikin manyansu, har ya bi ta kudu da birnin Kano. A wajen Tamburawa yake gamuwa da Kogin Kano, wanda ya gangaro daga kudu ta dajin Falgore. Sai su haɗe su wuce Wudil, a riƙa ce da su Kogin Haɗeja. Can gaba ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ruwan yakan bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Kusa da Gashuwa kuma ya sadu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe, wanda ke zuba cikin Tafkin Cadi.

A zamanin da, Kanawa da rijiyoyi da kududdufai suka dogara. Sai a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, farkon shekarun 1930, En'e ta kafa injin ruwa a bakin Calawa, aka jawo famfo har cikin birni. Bayan wannan aka datse Kogin Kano a Tiga cikin 1974, aka datse Calawa kusa da Ƙaraye cikin 1992. Da ruwan Tiga ake noman rani a Kadawa, alkama da shinkafa da tumatir.

Amma fa abin da ya yi wa na sama daɗi, na ƙasa ya ji a jika. Dā can ambaliyar damina ita ke ba mutanen Haɗeja da Nguru shinkafa da kifi da makiyaya. Da aka tare ruwa sai ambaliyar ta ragu, kacala kuma ta tsiro ta toshe hanyoyinsa, gonaki da yawa suka lalace.

Don haka in mun buɗe famfo a Kano, mu tuna akwai masunci a Nguru da ke jiran ragowar ruwan nan. Allah ya ba masu rabonsa ikon yin adalci, amin.