Cuku da Wara a Ƙasar Hausa

Cuku abinci ne da ake samu idan aka daskarar da madara, aka tace ruwanta, aka bar tsantsar. A ƙasar Hausa sunan ya fi zama a kan busasshen cukun Abzinawa, wanda Buzaye ke kira takomart. Ɗanyen da Fulani ke yi kuwa wara ake ce masa.

Cukun Abzinawa ta arewa ya shigo. Duk shekara in kaka ta yi, ayarin raƙuma kan ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Fashi, ya gangaro Damagaram da Katsina da Kano don sayen gero da tufafi, kuma cuku na cikin guzurin matafiya. Yadda ake yinsa ya dace da irin wannan tafiya. Mace za ta tatso madara, ta zuba mata ɗan ruwan da aka jiƙa tumbin ɗan akuya mai shan nono, madarar ta kama. Sai ta shimfiɗa ta falle-falle a kan 'yar tabarma, ruwan ya tsiyaye, rana da iska su ƙarasa aikin. Zanen tabarmar kan fito raɗau a jikinsa. In ya bushe sarai yana yin watanni bai lalace ba. Ana gutsurarsa a sha da shayi, ko a daka shi da gero da dabino a dama, kuma wanda ya taɓa shan wannan fura ya san ba a banza masu raƙuma suka riƙe ta ba. Har yau ana sayar da shi a Agadas da Tawa da Maraɗi da Yamai.

Wara hanyarta daban. Fulanin da suka zauna a Borgu, da ƙasar Ilori da Oyo, da arewacin Benin, su suka shahara da ita. A Benin da Gana wagashi ake kiranta. Abin da ke daskarar da ita tumfafiya ce, wannan da ke tsirowa a kowane kufai ba mai kula ta. Ana ɗumama madara, a zuba ruwan dakakken ganyenta, a tafasa, a kwashe cikin 'yan kwanduna. Kilo guda na cin madara wajen lita 5, kuma in ba a soya ba kwana biyu zuwa uku take yi.

A Rano da Kibiya da ke kudancin Kano, duk da rugagen Fulani da shanun da ke shan ruwa a gefen madatsar Tiga tun bayan kammala ta a 1974, madara ba ta bi ko ɗaya daga hanyoyin nan sosai ba. Nono da kindirmo da man shanu suka cinye ta. Dalilin a fili yake: fararen shanu ba su da yawan tatsa, ɗan maraƙi na da rabonsa, kuma mai tallan nono tana sayar da ƙwaryarta kafin la'asar domin masu fura na jira. Wace ce za ta narkar da lita biyar don dunƙule ɗaya?

Abin da ya cike gurbin shi ne awara. Waken suya ya daɗe a ƙasar Tibi a Binuwai, amma sai wajen ƙarshen shekarun 1980 cibiyar IITA ta Ibadan, tare da wani masani ɗan Japan, Osamu Nakayama, suka yaɗa dabarar daskarar da madararsa irin yadda ake wara. Matan arewa suka karɓe ta da ruwan tsami, suka sa attaruhu da albasa, suka soya. Yau yaro a Kibiya ya san awara da yaji a bakin makaranta, ko da bai taɓa ganin ta madarar shanu ba.

A Sifaniya kuwa makiyaya sun kai sana'ar cuku nesa. Manchego daga madarar tumakin yankin La Mancha ake yinsa, babban dunƙule ba ya fita kasuwa sai ya kwana 60 a ajiye, kuma tun 1984 doka ta hana a kira wani cuku da sunan in ba na can ba. Torta del Casar da furen wata ƙaya ake daskarar da shi, kamar yadda Bafulatana ke yi da tumfafiya. Cin Manchego ma ba wahala: a yanka siriri, a haɗa da burodi ko zuma ko busassun 'ya'yan itace.

A ganina, cukun Abzinawa ne ya fi dacewa da kudancin Kano, domin ba ya neman wutar lantarki ko firji. Da damina madara kan yi yawa farashinta ya faɗi. Wadda aka busar a lokacin za ta kai bazara, sa'ad da shanu suka tafi cin rani, ƙwarya ta koma rabi.